Fatalwa Bakwai a Jerin Masu Yanar Ido

Ranar Litinin da hantsi aka koro 'yata daga wurin aiki, kuma kafin ta iso gida labarin ya riga ta isowa. Matar mai shagon kwanarmu ce ta kawo mini shi, har da riƙe haɓa, wai jaje ta zo yi. Na ce ta ajiye jajenta sai ranar da na aika a kira ta.

Ga yadda abin ya faru. Auta, ƙaramar 'yata, ita ce mai kula da kwamfuta a ɗan asibitin ido na unguwarmu. Wasu likitoci baƙi za su zo ƙarshen wata su yi wa mutum sittin aikin yanar ido kyauta, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya riga yin rajista shi ke gaba. Auta ta ciro sunaye daga kwamfuta, ta tsaya a kan na sittin, ta buga a takarda ta kafe a allon sanarwa. Mutane suka yi cincirindo kowa na laluben sunansa. Can sai wani ya ɗaga murya, “Wai wane ne Mai Sanda?” Wata ta amsa daga baya, “Ni Uwar Marayu nake so a nuna mini!” Aka bi jerin da yatsa, aka tsinto sunaye bakwai da babu wanda ya san masu su, ba sunan yanka ba na uba, laƙabi ne kawai tsirara. Saboda waɗannan bakwai ɗin, tsofaffi bakwai na gaskiya, masu katin asibiti a hannu, sun faɗo ƙasa ba su samu shiga ba.

To, kun san mutane. Nan take aka ce Auta ce ta cusa sunayen bogi don ta tanadar wa danginmu gurabe. Wasu ma suka ce dangin saurayinta ne, saurayin da ni uwarta shekara biyu nake addu'ar ya bayyana ban gan shi ba. Shugaban kwamitin asibitin, wani tsohon babban ma'aikaci mai murya kamar lasifika, wanda shi ma yana cikin masu jiran aikin, ya karɓe makullin ofishinta. Ya ce ranar Alhamis kwamiti zai zauna a gaban jama'a a ba ta takardar sallama. Kafin la'asar kuma jerin ya ɓace daga allon, aka ce ai ga shi nan, ta lallaɓo ta ɓatar da shaida.

*

Auta ta shige ɗaki ta kifa kai a filo. Na fito tsakar gida na tarar da ubanta yana gyaran ƙafar kujera, hankalinsa kwance kamar ba jininsa ake yi wa ƙazafi ba.

“Malam, ka ji abin da aka yi wa 'yarka, ko sai na hau katanga na faɗa?”

“Na ji.”

“To?”

“To ina tunani.”

Maigidana shekara talatin da biyu ya yi a gandun daji yana bin sawun masu satar shiga farauta, har abokan aikinsa suka manta sunansa suna kiransa Mai Sawu. Tun da ya yi ritaya ba abin da yake bi sai sawun silifas ɗina da kyanwar maƙwabta. Mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin da ke sa mace ta ji kamar ta girgiza shi. Amma ban taɓa ganin ya ce abu yana gabas an same shi a yamma ba, wannan kam na ba shi.

Ya ajiye gudumarsa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. “Auta, ke kika rubuta sunayen nan?”

“Wallahi Baba ban rubuta ba. Ko karanta jerin ban yi ba, sauri nake yi, mutane sun cika taga.”

“Ke kika cire takardar?”

“A'a, Baba.”

“Shi ke nan, tashi ki wanke fuska. Maman yara, gobe da safe za mu je asibitin.”

Na ce, “Kai da ko wayarka sai an kunna maka, me ka sani game da kwamfuta?”

Ya ce, “Ban san komai ba. Amma takarda ba ta sauka daga allo da ƙafarta.”

*

Ranar Talata muka isa kafin layi ya yi tsawo. Malam ya tsaya gaban allon sanarwa ya harɗe hannu a baya, ya yi ta kallon wurin da babu komai, har mutane suka fara tausaya mini. Can ya nuna sama. Ƙananan ƙusoshi huɗu ne, waɗanda suka riƙe takardar, an mayar da su a jere a can ƙololuwar allon, tsakaninsu daidai wa daida kamar an auna da rula. Ko ɗan gefen takarda ba a bari ba.

“Maman yara, miƙa hannu ki taɓo su.”

Na yi ɗage, na miƙe iya miƙewa, ban kai ko kusa ba. “Wulaƙanta ni ka kawo ni yi?”

“Ke da Auta wa ya fi tsawo?”

“Ni, da ɗan yatsa.”

Mai sharar asibitin tana gefe da bokitinta tana jin mu. Ta ce Auta ai kan ɗan benci take hawa in za ta kafe takarda, kuma bencin yana cikin ofishinta, a kulle tun jiya da hantsi, makullin yana aljihun Shugaba. Malam ya yi mata godiya kamar ta ba shi kyautar riga. Ni kuwa na ji wani sanyi ya ratsa ni, domin ko ba komai 'yata ba ta tashi sama.

Daga nan muka nufi Maigadi, gajere mai tumbi, wanda ya san kowa da uwar kowa. Ya ce shekara tara yana bakin ƙofar nan, ba Mai Sanda ba Uwar Marayu da suka taɓa wuce shi da wannan sunan. Da Malam ya tambaye shi dogayen ma'aikatan asibitin, sai ya rage murya. “Baba, in dogo kake nema kuma mai raɗa wa mutane suna, ai ba sai ka yi nisa ba. Mai Gwaji ne. Ni da kake gani Sarkin Gyangyaɗi yake kira na, alhali idona kawai nake hutarwa.”

Mai Gwaji shi ne mai sa mutum ya rufe ido ɗaya ya karanto haruffan bango. Dogo ne kamar falwaya, bakinsa ba ya hutawa. Da ganinmu ya ce, “A'a, yau surukai ne da kansu!” Na ce ya kiyaye ni, ban zo wasa ba. Da Malam ya tambaye shi, ya amsa cewa su uku ne ke iya rubutu a kwamfutar, shi da Auta da Sista, kuma duk da kalmar sirri ɗaya suke shiga, don haka na'urar ba za ta iya cewa ga wanda ya rubuta kaza ba. Amma ya rantse shi lambobin gwaji kawai yake sakawa, da yatsa ɗaya ma kuwa.

Muna fita na damƙi hannun rigar Malam. “Shi ne! Dogo, mai laƙabi, ga kalmar sirri. Me kake jira?”

“Kin kalli teburinsa?”

“Ina ruwana da teburinsa?”

“Biro uku ba murfi, kofin shayin jiya a kan katunan mutane, takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera ɗayan a bakin ƙofa. Mai wannan teburin in ya cire takarda fizge ta zai yi, ƙusoshin su san inda suka nufa.”

Ba mu kai ga ƙofar Sista ba sai ga ta ta fito. Ita ce babbar nas, doguwa siririya, shekara talatin a asibitin, kuma har likita sai ya gyara tsayuwa in ta wuce. Ba ta kiran kowa da suna, sai dai lambar kati. Ta dube mu daga sama ta ce, “Nan asibiti ne, ba kotu ba. In ba ido kuka kawo ba, ku ba marasa lafiya hanya.” Ta wuce abinta. Na bi bayanta da harara, amma ko a mafarki ban kawo ta a raina ba. Matar da ba ta san sunan mutum na gaskiya ba, ina za ta samu lokacin ƙirƙiro masa na ƙarya?

*

Ranar Laraba da safe Malam ya tambayi Auta ko sunaye kaɗai kwamfutar ta ba ta. Ta ce a'a, jadawali ne cikakke mai gida huɗu, suna, shekaru, bayani da lambar waya. Sunayen kawai ta buga don kada sirrin mutane ya hau allo, amma cikakken yana cikin wayarta, domin shi za ta tura wa likitocin baƙi.

“Je ki bugo mini shi a takarda. Ni a ƙasa nake ganin abu.”

Ta dawo da shafi uku. Ya ture tabarmar falo, ya jera su a kan siminti, ya ɗora tabarau, ya zari tsinken tsintsiyata ya durƙusa. Minti ashirin yana rarrafe daga layi zuwa layi, ni ina tsaye a kansa ina jin gwiwoyinsa na ƙara. Sai ya tsayar da tsinken.

“Auta, shekarun Mai Sanda nawa?”

Ta leƙa. A gidan shekaru wata doguwar lamba ce zaune, ta kusa fita daga gidan. Sauran gidaje biyun kuwa wayam.

“Ko dai bawan Allahn nan ya girmi duniya,” in ji Malam, “ko kuwa wannan ba shekaru ba ne. Yanzu dubi wanda ke samansa.”

Na samansa wani tsohon tela ne da muka sani. Sunansa na nan, shekarunsa na nan, bayaninsa na nan, “idon dama,” amma gidan lambar wayarsa babu komai. Malam ya bi sauran shidan da tsinke. Kowace fatalwa tana da lambar waya a gidan shekaru, kuma duk wanda ke samanta an yanke masa wutsiya. Ya sa Auta ta kira lambar Mai Sanda ta sa a lasifika. Aka ɗauka da tari, sai ga muryar tsohon telan.

Bayan gaisuwa Malam ya ce, “Maigida, kana riƙe sanda kuwa?”

“Tun da idon nan ya tafi ba na taka ko'ina sai da ita. Lafiya dai?”

“Lafiya lau, Allah ya ba da sauƙi.”

Ya kashe, ya dubi Auta. “Ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne, sawunsa ya karye a nan ya ci gaba a ƙasa.”

Auta ta dafe kai da hannu biyu ta saki ƙara, har na zaci wani abu ya cije ta. “Wayyo Baba, enta ce! Mama, enta ce!”

Na ce ta yi mini Hausa. Ta share hawaye ta yi bayani. Bayanan marasa lafiya a rumbun kwamfuta suke zaune. In za a kwaso su zuwa jadawali, na'urar waƙafi take bi ta raba gida da gida, in kuma ta ga layi ya ƙare sai ta ɗauka an gama da wannan mutumin an shiga na gaba. To, wani ya rubuta “idon dama” a gidan bayanin telan, ya danna maɓallin da ke sauko da rubutu ƙasa, ya ƙara “Mai sanda.” A cikin rumbun ba matsala, layi biyu ne a gida ɗaya. Amma wurin kwasowa sai layin ƙasan ya faɗo gidan suna ya zama mutum, ya kuma jawo lambar wayar telan ya tafi da ita.

“Akwai wani ɗan akwati da ya kamata in latsa,” in ji ta, “wanda ke sa kowane rubutu cikin alamar zance. Da na latsa shi, da na'urar ta san duk abin da ke ciki na gida ɗaya ne, ko layi nawa ne. Ban latsa ba, ban kuma duba ba. Wannan kam laifina ne.”

“Laifin sauri daban, laifin cuta daban,” in ji ni. “Tashi mu je mu watsa wa Shugaba takardun nan a fuska!”

Malam bai motsa ba. Ya ce Shugaba zai ce ai ita ta rubuta layin ƙasan da hannunta, tun da kalmar sirrinsu ɗaya. Sai an samu mai rubutun. Ya karanto su bakwai a hankali: Mai Sanda, Uwar Marayu, Ba Ta Ji, Sai A Hankali, Mai Zama Shi Kaɗai, Ba Ya Karatu, Sarkin Tsoro. Na sunkuya in ga sunayen da ke saman biyun ƙarshe, ya shimfiɗa tafin hannunsa ya rufe.

“Haba Malam, ni ce fa.”

“Shi ya sa. Wanda ya cire takardar nan ya gane abin da muka gane yanzu, kowace fatalwa sirrin wanda ke samanta ce. Ba shaida ya ɓoye ba, mutane ya rufa wa asiri.”

Na yi tsaki na tashi, don lokacin ɗiga maganin idona ya yi. Na ciro kwalbar daga 'yar ambulan ɗinta ta asibiti, na jefar da ambulan ɗin kan kujera. Malam ya ɗauka yana juyawa, sai na ga ya ƙura wa rubutun jikinsa ido.

“Wa ya rubuta miki wannan?”

“Wa kuwa, in ba waccan doguwar mara mutunci ba.”

A sama an rubuta, “Ɗigo biyu, safe da yamma.” A ƙasa kuma, a layinsa daban, “Ki rage faɗa, jininki na hawa.” Wata shida ina riƙe da wannan a matsayin zagi. Malam ya sa Auta ta zazzage durowar magunguna. Duk ambulan ɗin da ya fito daga hannun Sista layi biyu ne. Na Malam na bara an rubuta yadda zai sha, a ƙasa kuma, “A riƙa tuna masa.”

Na fizgi mayafina. “Wato tana sane! Kwana uku 'yata ba ta cin abinci, ita tana can tana yi mana tsawa!”

Ya riƙe gefen mayafin. “In kika je yanzu za ta murje ido, kin san ta kin san kanki. Ki bar ta ta taso da ƙafarta gobe.”

“In ba ta taso ba fa?”

“Sai in sakar miki mayafin.”

*

Ranar Alhamis ɗakin jira ya cika har taga. Shugaba na zaune a tsakiyar tebur, takardar sallama a gabansa an riga an buga, saura sa hannu. Auta na tsaye gefe ta sunkuyar da kai. Maigadi, Mai Gwaji da mai shara suna jingine da bango, Sista kuwa na can ƙarshe ta harɗe hannu a ƙirji.

Malam ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba yarinyar nan makulli na minti biyar, a haɗa ta da wanda kuka yarda da shi.”

Aka yi gunaguni, amma aka ba ta. Ta shiga tare da wani ɗan kwamiti, ta sake kwaso jerin, wannan karon ta latsa ɗan akwatin. Da aka karanto sabbin sunaye sittin, babu fatalwa ko ɗaya, tsofaffin nan bakwai kuma duk sun dawo ciki. Malam ya yi wa jama'a bayanin sawun da ya karye, a taƙaice, ba tare da ya ce wane layi na wane ne ba.

Shugaba ya buga tebur. “Wannan ai tatsuniya ce! Yadda ta saka su haka ta cire su. In gaskiya ne wani ne ya rubuta, ina yake?”

“Yana cikin ɗakin nan, ranka ya daɗe. Dogo ne, hannunsa na kai saman allo ba benci. Mai tsari ne, ko ƙusa ba ya yarwa. Kuma ba ya iya rubuta ciwon mutum ya tsaya a nan, sai ya ƙara abin da zai sa a lallaɓa shi.”

Ido ya koma kan Mai Gwaji gaba ɗaya. Ya ɗaga hannu biyu sama. “Dogon kawai na ci a ciki, wallahi!”

Aka yi dariya, dariyar ta mutu. Malam ya koma ya zauna abinsa. Ni kuwa na fara tattara mayafi, sai na ji takun takalmin roba daga ƙarshen ɗakin.

“Ni ce,” in ji Sista.

Ta tsaya a gaban tebur, ba ta kalli kowa ba. Ta ce likitocin da za su zo ba su san mutanenmu ba, kowa minti kaɗan za su gan shi. Shi ya sa take ƙara layi a ƙasa, don su san wa ke buƙatar a riƙe shi, wa za a ɗaga wa murya, wa ba shi da mai raka shi gida. Ba ta san na'ura za ta mayar da su mutane ba. Da ta gan su a allo ranar Litinin, kowanne a ƙarƙashin mai shi, sai ta gane asirin mutane zai tonu. Ta bari aka watse ta cire takardar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. “Kika bar 'yata ta sha zagi kwana uku? Kina ji ana ce mata maciyiya amana kika yi gum?”

Ta juyo ta dube ni, idonta ya kaɗa. “Na yi gum. Na ga in na yi magana, duk wanda ya tuna jerin zai haɗa suna da suna. Na zaci ƙurar za ta lafa kafin yau. Na rufa wa bakwai asiri na bar ɗaya a rana, kuma ban kyauta ba. Ba ni da abin cewa.”

Wallahi na shirya mata magana mai cika kwando, amma na fasa. Na koma na zauna.

Shugaba dai bai saki ba. Ya ce ai abokan aiki ne, za su iya haɗa baki. In mutanen nan bakwai na gaske ne, Sista ta nuna su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba takardar nan sai an sa mata hannu.

“Ba zan nuna ba,” in ji Sista. “Ka ƙara sunana a takardar, mu tafi tare.”

Auta ta ɗago kai karon farko. Sai muka ji an buga sanda a siminti sau biyu.

“Ni ne Mai Sanda,” in ji tsohon tela. “Ga ta ma, ba ɓoye ta nake yi ba.”

Wata dattijuwa ta gyara zama. “Jikoki huɗu nake riƙo, iyayensu sun rasu. In Uwar Marayu ake nema, ga ni.”

Wata mata ta sunkuya a kunnen tsohuwar da ke kusa da ita ta yi mata ihu. Tsohuwar ta ce, “Iye? Me aka ce?” Ɗakin ya fashe da dariya, ɗan kwamiti ya ce a rubuta uku, wannan ba ta buƙatar shaida. Sai A Hankali ya ɗauki kusan minti guda kafin ya gama miƙewa. Mai Zama Shi Kaɗai ya ɗaga yatsa kawai, na ga maƙwabcinsa ya dafa masa kafaɗa. Daga nan wani dattijo mai tsabta, tsohon direba da kowa ke ganin girmansa, ya tashi ya cire hularsa.

“Ban taɓa shiga aji ba,” in ji shi. “Ranar gwaji aka ce in karanta haruffa, na ce ba na gani, alhali na saman ina ganinsu. Sista ce ta gane, ta ja ni gefe ta gwada ni da yatsunta. Kar a kori yarinya saboda kunyata.”

Ba wanda ya yi dariya a nan. Na ga Malam yana goge tabarau ɗin da ba su da datti.

“Shida ke nan,” in ji Shugaba, murya a sama. “Saura ɗaya. Ina Sarkin Tsoro? In babu shi, magana ba ta ƙare ba!”

Ba wanda ya tashi. Sista ta ɗaga kai tana nazarin fankar silin kamar yau ta fara ganinta. Shugaba ya kalli jama'a, ya kalle ta, sai na ga bakinsa ya ɗan buɗe. Muryarsa ta sauko ƙasa har sai da muka kasa kunne.

“Lamba nawa yake a tsohon jerin?”

“Sha tara, ranka ya daɗe,” in ji Malam.

Duk unguwa ta san Shugaba ne na sha takwas, domin shi da bakinsa ya yi ta faɗa ranar Litinin. Ya daɗe yana kallon biron da ke hannunsa. Sannan ya ajiye shi, ya dafa tebur ya miƙe.

“A rubuta bakwai sun cika. Sau uku ina zuwa wurin matar nan a ɓoye ina tambayarta ko allurar ido na da zafi.” Ya ɗauki takardar sallamar ya yaga biyu. Ya zagayo tebur da kansa, ya tsaya gaban Auta, mutumin da ya girmi ubanta, ya miƙa mata makullin da hannu biyu. “'Yata, a gaban mutane na ɓata miki suna, a gabansu nake roƙon ki yafe mini.”

Auta ta karɓa tana kuka tana gyaɗa kai. Ni ma kukan nake yi, ba kuma zan ɓoye ba, tun ranar da na haife ta ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Sista ta matso kusa da ita, ta yi gyaran murya, ta ce a ciki-ciki, “In daina rubutawar ne?”

“Ki rubuta layi goma ma, Sista. Zan kai wa likitocin kamar yadda kika rubuta, kowanne a gidan mai shi.”

Ta buɗe ofishinta, ta kunna kwamfuta, ta ture tagar. Ta farko a layi wata tsohuwa ce cikin bakwai ɗin da suka faɗo, wadda aka ce ranar Litinin ta fi kowa tsine wa 'yata. Ta tsaya nesa da tagar tana murza katinta, ta kasa ɗago ido. Auta ta share fuska da bayan hannu ta leƙo.

“Inna, matso da katin mana. Ke ce ta hamsin da huɗu, ranar Asabar da safe. Wa zai rako ki?”